Madubin Bindigar Maidaji

Duk wanda ya san Abdulbaƙi a unguwar Dengfeng ta ƙasar Sin ya san ba ya zama. Shayi ma a tsaye yake sha, kamar wanda aka ce mota za ta tashi. Shekara shida yana sarin jakunkunan mata a garin Shiling yana turawa Kano, amma tsaya da shi minti biyar, sai ya karkata hira zuwa mahaifinsa Maidaji, maharbin da ke da wata tsohuwar bindiga mai kaurin baki da ƙananan harsasai. Ba ta da komai sai ɗan tsinin ƙarfen saiti, amma da ita tsohon ke kayar da zabon daji tun daga inda wani bai ma hango shi ba.

A daminar da aka yi gasar Olamfik, Maidaji ya kuskure harbi sau uku a gaban maharba. Ya gaya wa ɗansa a waya ido ne, kuma zai rataye bindigar. Hankalin Abdulbaƙi ya tashi, don ya san ran da tsohon ya rataye ta, ya kwanta ke nan. Ya rantse sai ya samo masa madubin saiti, irin wanda ake ɗaurawa a kan bindiga ya jawo nesa kusa.

To, da wane baki zai tambaya? Sinancinsa bai wuce gaisuwa da ciniki ba. A wani shago a titin Guangyuan ya ɗaga hannuwa kamar mai riƙe da bindiga, ya kanne ido ɗaya, a lokacin da 'yan sanda suka cika gari saboda gasar. Mai shagon ta ja da baya tana "Meyo, laban, meyo!" wato babu, maigida, babu.

Mas'udu, abokinsa ɗan Maraɗi, ya finciko shi waje. "Kai, Alhaji, so kake a kwashe mu duka? Wallahi ka cika garaje."

A gidan abinci ma bai ƙyale shi ba. Ya nuna masa talabijin, inda 'yan gasa ke harbi a kwance. "Duba can, gwanayen duniya ke nan. Ka ga madubi? Ƙarfe ne kawai."

"Su idonsu garau ne," in ji Abdulbaƙi, ya fice bai taɓa shinkafar ba.

Kwana huɗu yana yawo kafin ya dace da madubin a wajen wani mai sayar da tabarau. Ya kanga a ido ya saita wata alama a tsallaken titi. Ta matso har yana karanta lambobinta, sai dai rawa take ta yi, domin madubin yana ƙara girman motsin hannu kamar yadda yake ƙara girman abu.

Nan take ya kira gida. Maidaji ya saurara har ya gama, sannan ya ce:

"Allah ya yi maka albarka. Amma idona lafiya lau, Abdu. Hannu ne. Ko koko yanzu Fasuma ƙanwarka ke riƙe mini in sha."

"Baba, me ya sa ka ce ido?"

"Da na ce hannu, da ka bar sana'arka ka taho."

Abdulbaƙi ya zauna a gefen titi, madubin a cinyarsa, kunya da tausayi suka rufe shi. Ya ce, "To ai tahowar zan yi, Baba."