Ranar da Muka Tura Amalanke Zuwa Tudun Wada

Cocinmu na Tudun Wada ba 'yan gari ne suka kafa shi ba. Wasu iyalai ne suka taso daga wani ƙauye can bayan Dutsen Abba da amalanke, suka ɗoro bencina da tukwane da ƙararrawa, suka turo har nan. Kakan maigidana shi ne mai amalanken. Ni aure ne ya kawo ni, amma labarin na sha shi har na haddace. Ban taɓa zaton zai shigo mini har ɗaki ba, sai shekarar da matasan coci suka ce za su maimaita tafiyar nan da ƙafa, cikin tufafin mutanen da.

Autata tana da sikila. Shekararta sha bakwai a lokacin. Abu uku likita ya ja mini kunne a kansu: gajiya, ƙishirwa, da ruwan sanyi. Kuma ciwon ba nan take yake zuwa ba, sai an kwana ɗaya ko biyu ya kama ƙashi. To ga tafiyar wuni guda, ga rafi a hanya, damina ba ta gama ɗaukewa ba.

Na ce, "Ba za ki ba."

Ta ce, "Mama, na riga na ba da sunana."

"Ki je ki karɓo abinki."

Ba ta yi kuka ba, da ma kukan ta yi. Cewa ta yi, "Duk abin da za a yi a coci, ni ce mai gadin jakunkuna." Ubanta ya dube ni ya ce in bar ta. Na bar ta, amma na yi dabara. A cikin labarin akwai wata mai ciki da aka ɗora a amalanke, 'yan matan duk sun ƙi zama ita don kunya. Na ce ni na ji na gani. Ni da ko kasuwa sai na kwana uku ina shiri! Na cusa matashin kai a zane, na ɓoye bargo da magani da jarkar ruwa a ƙarƙashin benci.

Da safe mota ta kai mu ƙauyen, aka yi addu'a, aka ɗora ni a amalanke. Wani saurayi cikin masu turi ya ce, "Mama, wannan cikin na 'yan uku ne?"

Na ce, "Tura ka yi mini shiru. Lokacin da uwarka take da naka, ƙofar coci ma a karkace take shiga."

Ana ta dariya ana waƙa. Can da hanya ta fara hawa, na waiwaya, sai ga autata cikin masu turi, ta dafe da hannu biyu, gumi har haɓa. Sai a lokacin hankalina ya dawo jikina. Na zo tsaronta, ashe ni ce kayan da take turawa. Na zaro matashin nan na ɗaga shi sama na ce, "Ku tsaya, na haihu!" Na sauko na bi ƙasa.

Daga nan a bayanta nake tafe, ina sauraron numfashinta. Na san shi ciki da waje, na san yadda yake gajarcewa in abu zai lalace. Nakan miƙa ruwa ga na kusa da ita tukuna, sannan ita, don kada ta ce na ware ta.

Da rana ta take muka iso rafin. Ruwa ja, har gwiwa, na taɓa da ƙafa na ji shi kamar na randa. Samari suna naɗe wando. Autata ta sunkuya tana cire takalmi, ta ƙi kallona. In na yi magana na kunyata ta gaban ƙawayenta, in na yi shiru kuwa gadon asibiti ne.

Akwai wani dattijon coci da ake goyo a babur yana binmu, duk inda aka yada zango sai ya ba da labarin wurin. Sai ya ɗaga sandarsa.

"Kai, yaran zamani! Haka aka ce muku an ƙetare? Littafi Mai Tsarki ɗaya tak mutanen nan suke da shi. 'Yar gidan mai amalanke aka ba, ta hau kan bencina ta ɗora shi a ka don kada ya jiƙe. Wa ke nan daga gidan?"

Babu kowa sai autata. Ta juyo ta zuba mini ido, ni kuwa Allah ya sani ko gaisuwar kirki ban yi da tsohon ba ran nan. Aka ba ta babban Littafi Mai Tsarki na coci, ta hau, samari suka kama amalanke suka kutsa ruwa. Ko ɗigo bai taɓa ta ba. Ni ce na jiƙe har ƙugu, takalmina ɗaya ya bi ruwa.

A ƙetare na matsa kusa da shi na ce, "Baba, shekara da shekaru ina jin labarin nan, ban taɓa jin wannan ba."

Ya ce, "'Yata, ni ma lokacin ba a haife ni ba." Ya hau babur.

Mun shigo Tudun Wada da la'asar, mata suna guɗa. Ni ban yi ba, na san lissafina bai ƙare ba. Na haɗa jakar asibiti na tura bayan kujera. Kwana ɗaya, shiru. Kwana biyu, ta ce cinyoyinta suna tsami, sai ƙawarta ta zo tana ɗingishi ta ce nata ma haka. Ran na uku da hantsi na jiyo ta tana shara tana faɗa da kaji, da cikakkiyar murya. Na jawo jakar nan ina fitar da kaya, sai ga ta a bakin ƙofa da tsintsiya.

"Mama, tafiya za ki yi?"

Na ce, "Ina fa. Zo ki mayar mini da zannuwan nan cikin akwati, ƙafafuna sun ƙi."