Mama Dinatu Mai Hayar Daji

Jama'a, a gyara zama, masu Keke a rage hon. Ga Mama Dinatu ta unguwar Sintali a Jalingo, uwar dazuzzukan Taraba, matar da itatuwanta suka fi na gandun dajin Gashaka yawa, in dai da hoto za a auna. Manya masu babbar riga sun sha durƙusawa a gabanta, ba don ladabi ba, don ita ke riƙe da ledar dashe. In ka bi ta gadar Mayo Gwoi ka ga wata gajeruwar mata tana ba ƙananan itatuwa ruwa da gwangwanin madara, ita ce. Kada ka gaishe ta da Turanci, ya ishe ta.

Daga wajen Zing ta zo, ta biyo mijinta mai gadi. Da ya rasu ya bar mata yara da tocila. Ta gwada doya, ta gwada kunu, ƙarshe ta zauna bakin titi tana rainon mangwaro da kashu da dogonyaro a baƙar leda. Kasuwar kuwa sai a hankali, don mutumin Jalingo yana son inuwa ƙwarai, amma wadda maƙwabci ya dasa. Ita kanta mai sayar da inuwar, shekara da shekaru a ƙarƙashin wata yagaggiyar lema take, wadda rana ke shiga ta ko'ina kamar gidan ubanta. Wanda ya san zafin Jalingo a watan Maris ya san abin da nake faɗa. Duk burin Mama a duniya shi ne ta zauna tsakar rana ƙeyarta ba ta soyu ba.

Ana nan sai Allah ya kawo sauyin yanayi, shi kuma ya kawo Kwamared George.

Kwamared George na unguwar Turaki shi ne shugaban wata ƙungiyar ceton muhalli. Shi ne kuma sakatarenta, da direbanta, ofishin yana cikin but ɗin motarsa. Aikinsa leƙa waya ya ga inda tallafi ya fito daga ƙasashen waje. In na daji ne, ƙungiyarsa ta daji ce tun kakanni. In na mata ne, ta mata ce. Shekarar da aka fitar da na kare bakin teku, saura kaɗan ya haƙa wa Taraba teku.

Zuwansa na farko saye ya yi da gaske. Aka kwashi itatuwa zuwa wani fili a bayan gari, aka kafa rumfa da allo, wani babba ya durƙusa ya zuba ruwan gora, aka tafa, aka raba shinkafa, kowa ya kama gabansa. Washegari Mama ta leƙa ta tarar awaki na nasu taron. Abin ya ƙona mata rai, ta tone waɗanda suka rage ta dawo da su. Da George ya gan su a wajenta, har da jan ƙyallen bikin a wuyan ɗaya, ta ɗauka faɗa zai yi. Sai ya shafa gemu.

"Mama," ya ce, "ashe suna dawowa?"

Daga ranar aka koma haya. Mama ta binne itace da ledarsa, babba ya zuba ruwa, mai hoto ya ɗauka, da yamma Keke ya maido kowa gida. Daji ɗaya ya zaga ƙananan hukumomi har ya gaji.

Cikin 'yan hayar akwai wani dogonyaro mai kyan tsayi, wanda kullum shi ake ba babban baƙo. Mama ta sa masa suna Onarabul, don ba taron da ba ya zuwa, kuma bai taɓa zama a mazaɓarsa ba. To wata damina tallafi ya ɗauke, George ya koma harkar wayar da kai a otal. Aka manta Onarabul a bayan kujerar Mama. Shi kuwa ya huda leda a ɓoye ya kama ƙasa. Ranar da ta zo ɗaga shi, ya ƙi. Ta ja, ya ƙi. Ta ce, "To zauna, ɗan banza."

Ya zauna, ya miƙe, ya buɗe. Cikin 'yan shekaru Mama ta naɗe lema ta jefa bayan ɗaki. Ta fara gyangyaɗin azahar kamar matar darakta. Mai gasa masara ta matso, mai wankin takalmi ya matso, wurin ya zama majalisa.

Rannan sai ga George, zufa har cikin kunne.

"Mama, an kashe ni. Masu tallafin za su zo da kansu."

"Su zo mana. Ba ka ce suna son mu ba?"

"Dajin za su gani! Wanda muka dasa tun tuni. Ya kamata a ce yanzu ya girma."

A filin nan kuwa, ban da allo da gyaɗar wani bawan Allah, ba komai. George ya ɗaga kai ya dubi Onarabul yadda mahauci ke duban bijimi.

"Ki ba ni wannan. Yini ɗaya. Zan kawo yara su tone shi da saiwarsa."

"Wannan ba na haya ba ne."

"Haba Mama, ni da ke? Ni fa na fito da shi duniya."

"Ka tone shi, ya mutu. Ni in zauna a ina? Ɗana, ka taɓa shi, ni da kai sai ofishin 'yan sanda."

George bai yi shekaru yana rubuta wa Turawa daɗin baki a banza ba. Tunda itace ya ƙi zuwa wajen allo, sai allo ya zo wajen itace. Da safe Mama ta tarar an kafa shi a gefenta, an sake fenti. Ta duba, ta ga allo ba ya cin inuwa, ta ƙyale. Nan ne ta yi kuskure.

Baƙi suka iso, wata Baturiya da wani ɗan Abuja mai tabarau. George ya ce wannan shi ne uban dajin, sauran suna can ciki, sai dai ruwa ya cinye hanya. Aka sa wa Mama riga mai hoton ganye a kan zaninta. Baturiya ta rungumi Onarabul har idonta ya kawo ruwa. Sannan ta waiga ta ga hayaƙin masara, ta ga akuya, ta ga mutane zaune kan saiwa, ta dafe ƙirji. Itace mai tarihi haka, ba kariya? Ta ce akwai wani tallafin musamman na irin wannan.

A rayuwar George, wannan ne aikin da aka yi shi cif yadda aka rubuta. Masu walda suka zo, suka zagaye Onarabul da shingen ƙarfe mai faɗi, kore shar, da ƙofa da kwaɗo. Makulli yana aljihun Kwamared. Mama ta yi masifa har muryarta ta dushe, amma bakin titi ba gonar ubanta ba ce, kuma an nuna mata hakan cikin ladabi.

"Mama, naki ne fa," in ji George. "Dubi sunanki a jikin allo."

Yanzu da tsakar rana inuwa tana cikin keji ita kaɗai, ba mai damunta. Mama tana waje, ta kakkaɓe tsohuwar lema, wadda ɓeraye suka ƙara wa tagogi.

Jiya na je na same ta, na nuna mata hotonta a waya. Na ce, "Mama, kin san ke wace ce kuwa? A Turai ana kiran ki jarumar muhalli! Ni ma zan rubuta tarihinki, jikoki su karanta."

Ta ɗago ta dube ni daga ƙafa zuwa kai, kamar mai auna dashe.

"To na ji. Kai dogo ne. Matso nan, ka tsaya ta wajen rana. Kar ka motsa."