Batirin Auta

Abin nan ya faru ne shekarar da aka haƙa mana rijiyar burtsatse a unguwa, damina biyu bayan rasuwar maigidana, lokacin jikata da ke rubuta wannan maganar tana rarrafe. Ni ban shiga aji ba, amma abin da idona ya gani ba ya ɓace mini. Na ce mata ta rubuta yadda na faɗa, kada ta gyara mini baki.

Autana makaɗi ne. Ba kalangu yake bugawa ba, ba kotso ba. Irin gangunan nan ne na masu gita, da mutum ɗaya zai zauna a tsakiya su kewaye shi, hannu biyu na aiki, ƙafa biyu na aiki. A wurin maƙwabcinmu ya koya, wani ma'aikacin asibiti Kirista da aka turo Gumel daga can ƙasar duwatsu. Da za a mayar da mutumin garinsu, Auta ya noma riɗi ya sayi kayan a hannunsa. Na san su kamar yadda na san tukwanena, don ni nake share musu ƙura. Akwai uwar, babba, kwance a ƙasa, da wani ƙarfe mai kama da takalmi da ake takawa ya doke ta. Akwai ƙarama mai wayoyi a gindi, wadda in an buga ta sai ka ce ruwan sama kan kwano. Akwai 'yan biyu da ke hawa kan uwar, da fayafayan tagulla, da ƙarafan da suke tsayawa a kai, da kujerar da ba ta da baya.

To, gidanmu ba gidan kiɗa ba ne. A wurinmu kiɗa gado ne, wanda ya shiga ba da gado ba haye ake ce masa, kuma ana ganin ya zubar da gida. Maigidana yana kawar da kai. Da ya rasu, gida ya koma hannun yayansa, Malam babba, shi kuwa bai iya kawar da kai ba. Ya sa aka kwashe kayan aka kulle a ɗakin ajiya na zaure, ya ɗaga makullin gaban mutane ya ce, "Wallahi muddin ina numfashi, ba zan ba da wannan a fitar da ganga ba." Ya ce kada yaron ya sake taka zauren sai ya bar kiɗa. Auta ya tsallaka Damagaram, ya haɗu da wasu masu gita da ke yawon wasa gari gari, yana buga musu da kayan aro.

Wata Laraba maƙwabciyata ta miƙo mini waya ta kan katanga. Muryar na yankewa. Abin da na ji shi ne, "Inna, gobe muna Maigatari. Don Allah ki san yadda za ki yi ki kawo mini batirina kafin la'asar. In babu shi na rasa wurina."

Na ce, "Shi ke nan? Ka kwantar da hankalinka."

Na san batir ɗin. Yana ƙarƙashin gadonsa, na mota ne, da shi yake kunna rediyo in an ɗauke wuta. Na yi mamakin yadda ya ce in san yadda zan yi, abin da ba wanda ya hana ni ɗauka, amma na ce ƙila nauyinsa yake ji mini. Da ya ce batiri kuwa, na ɗauka bakinsa ne ya fara komawa na Damagaram.

Da sassafe na yi gammo, na ɗora shi a ka har tasha. Ruwansa ya ɗigo ya ci mini gyale, har yau gyalen na nan da hujinsa. Alhamis ce, ranar kasuwar Maigatari, hanya cike da shanu da raƙuma. Da hantsi na same su bayan kara, inda ake cinikin shanu, jikin wata doguwar mota da aka ɗaure wa kaya a sama. Auta ya rame. Ya durƙusa ya gaishe ni, idonsa na leƙen bayana.

"Inna, ina kayan?"

Na sauke masa a gabansa. "Ga shi. Ko ɗigo ban bari ya zube ba, sai wanda gyalena ya sha."

Ya dubi batir, ya dube ni. Abokan tafiyarsa suka matso. Wani dogo mai rawani ya fara dariya har ya dafa mota, sauran suka kama. Shugabansu, mai furfura a gemu, ya tsawatar musu, amma shi ma kafaɗarsa na rawa. Ya ce, "Inna, ki yi mana gafara. Mu can, da bakin Faransa, gangunan nan gaba ɗayansu batiri ake ce musu."

Na ce, "To ku da kuka ba ganga sunan kayan mota, ni za ku yi wa dariya? In na ce muku ku kawo mini turmi, jirgi za ku kawo?"

Dogon ya ce, "Inna, a bar mana wannan ɗin dai, na motarmu ya tsufa."

Na ce, "Kai ma ka tsufa, ba a canza ka ba."

Auta bai yi dariya ba. Shugaban ya ja ni gefe ya faɗa mini gaskiya. Mai kayan aron ya karɓe abinsa. Suna da wasa a Agadas, daga nan Yamai, kuma akwai maganar fita ƙasashen waje. In an yi la'asar za su tsallaka. Akwai wani yaro a Damagaram mai nasa kayan, in Auta ba shi da su, dole wancan ya hau kujerar. Ya ce, "Hannun ɗanki ya fi, amma hannu ba ya buga iska."

Auta ya ce, "Inna, ki bari kawai. Baffa ya rantse."

Na ce, "Na ji lokacin da ya rantse, ina wurin. Riƙe mini batir ɗin nan."

Na koma Gumel a bayan babur, don mota sai ta cika. Duk hanya ina juya abu ɗaya a raina. Malam babba ba mugu ba ne. Na sha ganinsa yana tsayawa a ƙofar ɗakin Auta, sannan ya wuce. Rantsuwar ce ta ɗaure shi, kuma mutum irinsa ya gwammace ya haɗiye garwashi da a ce ya warware magana don mace ta roƙe shi. Saboda haka na yanke ba zan roƙa ba.

Na same shi a zaure bayan azahar, da dattawa biyu. Na durƙusa daga bakin ƙofa.

"Yaya Malam, barka da hutawa."

"Barka kadai. An ce an gan ki a tasha da kaya a ka."

"Aiken Auta na kai, sai aka ce ba shi ba ne. Batirinsa yake so, yana cikin ɗakin nan. Makulli na zo karɓa."

Ya ɗago kai. "Abin da ke ɗakin nan kin san shi, kin kuma san abin da na faɗa a kansa."

"Na sani. A kan ganga ka rantse, kowa ya ji. Ni yau na je Maigatari, na tambayi masu sana'ar da bakina, manya da furfurarsu. Sun ce sunan kayan nan batiri. Ganga tana gidan makaɗa, da fatar akuya da tsirkiya. Wannan roba ce da ƙarfe, ko gashi ɗaya babu a jikinta."

Ɗaya daga cikin dattawan ya sunkuyar da kai yana gyara hula. Malam babba ya daɗe yana jan carbi. Ya san na sani, na san ya sani. Can ya ce, ba ni yake kallo ba, "Yaron lafiyarsa ƙalau?"

"Ya rame."

Ya ajiye carbin. Sannan ya juya ga dattawan. "Ku shaida ne, ni ganga na ambata. Batiri ban san shi ba." Ya zaro makullin daga aljihu ya ajiye kan buzu, bai miƙo mini ba. Ya tashi ya ce zai je duba gona, da tsakar ranar nan. Daga baya na ji ya ciyar da miskinai a ɓoye, ko da rantsuwar ta kama shi. Bai taɓa faɗa mini ba, ban taɓa tambaya ba.

Matan gida suka taya ni fitarwa. Gizo-gizo ya yi saƙa a cikin uwar, amma ɓera bai taɓa komai ba. Na tuna da ƙaramin makullin ɗaure fata da Auta ke ratayewa a ƙusa, na ƙulle shi a bakin zane. Na naɗe tsohuwar dardumar da yake shimfiɗawa don kada uwar ta gudu in ya taka. Wani mai a-kori-kura da zai je ɗaukar awaki ya yarda ya kai ni. Ya ce in shiga gaba, na ƙi. Na zauna a baya, uwar tsakanin ƙafafuna, fayafayan tagulla a cinyata na rungume su, duk ramin da muka faɗa sai su yi kuka, mutanen hanya na waiwaye.

Mun iso an sallame la'asar, direbansu har ya tayar da mota. Dogon nan ne ya fara hango ni, ya ce, "Ga Inna da batiri na gaske." Auta ya rugo. Nan bakin hanya ya shimfiɗa darduma ya harhaɗa su, don shugaban ya ce a gwada a ji ko ajiya ta kashe su. Ya laluba aljihu yana neman abin ɗaure fata, na kwance bakin zane na miƙa masa. Ya ɗaure, ya zauna, ya taka. Na ji uwar a ƙirjina. Wani raƙumi ya miƙe da kayansa, mai shi na zagi. Shugaban ya ce, "A ɗora su sama. A sa bargo tsakanin tagullar."

Na tsaya har motar ta wuce shingen iyaka. Sannan na ɗauki batir ɗina na mota, don dogon ya so ya manta da shi a cikin kayansu, na dawo gida.

Malam babba ya rasu, Allah ya ji ƙansa, kuma kafin nan Auta ya shiga zauren ya gaishe shi, ba wanda ya ambaci kiɗa. Dattawan biyu sun bi shi. Shugaban masu gitar ma an ce ya kwanta dama a Damagaram. Waɗanda suka rage daga ranar nan, akwai mai a-kori-kura, yanzu 'ya'yansa ke tuƙi. Akwai maƙwabciyata mai waya. Akwai dogon mai rawani, wanda duk zuwansa Gumel sai ya tambaye ni ko batir ɗin na sayarwa ne. Akwai Auta, yana can yana yawonsa da kayansa. Sai ni.