Rabuwata da Yayana a Duwatsun Mandara

Shekarun baya can, ba a daɗe da zuwan Nasara ba, mahaifiyata ta yi mini aiken da ban taɓa yin irinsa ba. Yayana yana cikin waɗanda suka yi gabas lokacin da ƙasa ta rikice, ya bar mu a ƙauyenmu kusa da Kiyawa. Shiru, shiru, sai ga wani falke ya ce ya gan shi da idonsa a bayan duwatsun Mandara, ƙasar da Jamus ke riƙe da ita. Tun ranar Inna ta daina cin abincin kirki. Ana gama girbi ta ce, "Auta, tashi ka je ka zo mini da ɗan'uwanka."

Na bi ayarin fatake masu kai tufafin rini. A hanya ina ta cika baki, wai ni ɗan ƙasar Dutse ne, hawan dutse ba baƙona ba ne. Madugu dai murmushi kawai yake yi. Ranar da muka isa gindin Mandara na ɗaga kai har hulata ta faɗi. Ashe namu na gida 'yan tsakuwa ne.

Hanyar siririya ce, gefe ɗaya dutse, gefe ɗaya rami. Jakuna na turjewa, muna ja muna turi. Mutanen wurin kuwa sun yi gonakin dawa hawa-hawa a jikin dutsen, matansu na wuce mu da tulu a ka, suna kallon yadda nake rarrafe.

Can sama, inda hanya ta matse, aka tara wasu duwatsu aka shafa musu farar ƙasa. Iyakar ke nan. Wani soja baƙar fata mai jar dara ya tare mu. Ya dube ni, ya ce da karyayyiyar Hausa, "Kai, na Ingilishi ne ko na Jamus?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni na Inna ne, ita ta aiko ni."

Ya yi dariya har ya dafa bindigarsa, ya ce in wuce.

Na sami Yaya a wani ƙauye a gangaren. Ya yi aure, yana noma, har ya haifi 'ya ya sa mata sunan Inna. Da ya gane ni ya riƙe ni yana kuka kamar yaro. Bayan na huta na ce, "Yaya, Inna ta ce kada in koma sai da kai."

Ya nuna mini matarsa. "Auta, dubi yadda cikin nan ya tsufa. Ina za ta iya hawan dutsen can? Ka zauna ta sauka lafiya, mu tafi gaba ɗaya."

Ni kuwa ayari na shirin juyawa, kuma na san Inna tana can tana sauraron hanya. Na ce gara in kai mata labari hankalinta ya kwanta. Yaya ya ce, "To, ka ce mata kaka mai zuwa muna tafe."

Ya raka ni har iyaka. Wannan karon wani sojan muka tarar, mai zafin rai, yana ta korar ayari gaba. Muna tsaye za mu yi sallama sai jakin da aka ba ni kula da shi ya zame, kaya suka karkace wajen ramin. Na ruga na riƙe igiya. Ta baya na ji muryar Yaya, "Ka gaida Inna!"

Ban juya ba na ce, "Za ta ji!" Kafin in gama ɗaure kayan, hanya ta karya kwana, dutse ya shiga tsakaninmu.

Kakar ba ta zo ba sai da yaƙi ya tashi tsakanin Ingilishi da Jamus. Hanya ta rufe, fatake suka daina zuwa. Inna ta rasu tana tambaya ko an ga wani ya fito daga gabas. Da aka yi zaman lafiya na sake hawa duwatsun nan, na tarar da ƙauyen kango. Wasu suka ce mutanensa sun ƙara yin gabas, ba wanda ya san inda suka sauka.

Yanzu na tsufa, na daɗe da barin komai ga Allah. Amma duk wanda zai yi tafiya a gidana, sai na tsai da shi na dubi fuskarsa da kyau. Har yau ban san ko Yaya ya ɗaga mini hannu ba.