Fentin Motar Yayana

Bayan an kashe yayana a hanyar Janbako, motarsa ta yi damina guda a ƙofar gidanmu a Talata Mafara, awaki na kwana a ƙarƙashinta. Da ita yake jigilar fasinja da albasar Bakolori zuwa kasuwannin Maradun. 'Yan bindiga sun bar mata ramukan harsashi a ƙofar direba, ruwan sama kuma ya shiga ya fara aikinsa, tsatsa ta ci gefen kowane rami. Ita kaɗai ce abin da ya bar wa matarsa da 'ya'yansa.

Ni da baffanmu muka ja ta zuwa wajen mai fenti, wani Kirista da ya daɗe a garin har Hausarsa ta fi tawa zaƙi. Ya san yayana. Ya shafa ƙofar, sannan ya ce wa baffa, "Alhaji, aikin biyu na. Ko in kankare ta duka sai ƙarhe ya hito, a yanke tsatsa a yi walda, ta koma hanya ta ci da yara. Ko in cushe ramun da fila in hesa mata sabon hwenti. Za ta yi kyau, amma tsatsa na nan ciki tana ci."

Na ce a kankare. Ina da direban da na yarda da shi, in motar ta yi ƙwari, marayu ba za su rasa tuwo ba.

Baffa ya dube ni sama da ƙasa. "Kai, yaro, mi ka sani? Wa ka shiga motad da anka kashe mutum ciki? Duk garin ga an san ta. A sake mata launi, a kai ta Bakura a saishe ta."

Abin haushin, bai yi ƙarya ba. Mutanenmu sun yi ta zuwa ta'aziyya suna hawaye, amma ko kyauta ka ce su hau motar nan, sai su ce ƙafarsu lafiya lau. Na yi gardama har muryata ta dushe. A gidanmu kuwa in babba ya yanke magana, ta yanku, ko da a kan tuwon marayu ne. Ba wanda ya tambayi matar mamacin, tana cikin gida, sai dai ta ji labari.

Aka goga sanfefa sama-sama, aka cushe ramukan, aka fesa shuɗi a kan fari. Ta fito tana ƙyalli, ni kuwa na kau da kai. Wani mutumin Bakura ya saye ta, ba a gaya masa komai ba. Abin da aka samu bai kai marayun girbi na gaba ba, kuma har yau ban yafe wa baffa ba.

Shekara ta zagayo, matar yayana ta tafi suna Birnin Tudu. Da ta dawo, ta same ni a zaure, ta tsaya ba ta ko cire mayafi ba. Ta ce a tasha ta shiga wata shuɗiyar mota, ta zauna daidai bayan direba. Sai da suka yi nisa ta ga yana dukan rediyo da tafin hannu sau biyu kafin ta yi magana, kamar yadda mijinta yake yi. Nan ta gane motar mijinta ce. Babu halin sauka a daji, haka ta zauna har aka isa.

Na tambaye ta ko ta gaya wa direban.

Ta ce, "In ce mishi mi? Kuɗin mota na ba shi, na sabka."