Lasisina bai ƙetare gada ba

Ana idar da sallar asuba muka bar unguwar Morrisania ta New York, ni da aminiyata 'yar Kumasi, a motar wani direba ɗan Nijar. Trenton muka nufa, babban birnin jihar New Jersey.

Ga wanda bai san ni ba, sana'ata dillancin bashin gida: in haɗa mai son sayen gida da bankin da zai ba shi rance. Da furfura a kaina na shiga makarantar manya, na koyi boko, har New York ta ba ni lasisi. Aminiyar nan kuwa, tun rasuwar mijinta take jinyar tsofaffi. Ta ga wani ɗan gida mai fili a baya a Newark, cikin New Jersey, mai gidan ya ce zai jira ta zuwa ƙarshen wata. Na gama haɗa komai, sai banki ya ce in kawo lasisina na New Jersey.

Direba ya ce kada in damu, shi da lasisin tuƙi ɗaya yake zaga Amurka. Duk mun yarda da hakan. Ƙasa ɗaya ce ai.

A gadar George Washington fita kyauta ce, sai za ka dawo ake karɓar kuɗi. Direba ya ce New York ta san ba mu da wurin zuwa. Daga nan sai babban titi, hagu da dama tankunan mai da hayaƙi mai wari. Muka ci wake da shinkafa da shito, soyayyen yajin Ghana, a mota, don shayin tashar hanya ma tsadarsa rainin hankali ce.

A ofishin ba da lasisi na jihar, wata mata mai fara'a ta duba lasisina, ta yaba, ta miƙo mini. Ta ce kowace jiha da nata: sai na cika sabuwar takardar nema, a bincike ni, in ajiye kuɗin jingina, in kama ofis a cikin jihar. Watanni ke nan. Na ce kogi ɗaya ne fa tsakaninmu, daga tsallake ana hango Manhattan, tsakiyar New York. Ta ce ta sani. Na ɗaga murya, ban ji kunya ba. Ba ta yi fushi ba, shi ya fi ƙona mini rai. Ta ce mu nemi dillalin can. Shi kuwa daga farko zai soma, wata ya ƙare.

A hanyar dawowa aminiyata ta ce mu bi ta Newark. Ta tsaya a bakin shingen gidan, ta kwance bakin zanenta. Irin ayoyo ne, wanda mu muke kira lalo. Shekara da shekaru a gwangwani take shuka shi a taga.

Na ce, "Yaya, ki yafe mini."

Ta ce, "Ke kika yi dokar? Riƙe mini jaka."

Ta watsa irin ta saman shinge, ta kakkaɓe hannu. "Wanda ya shiga ya sha miya."

Mun biya kuɗin gada, muka iso bayan la'asar. Abin da na koyo shi ne, Amurka a taswira ce ƙasa ɗaya. 'Yan'uwa masu wannan sana'a, ku tambayi dokar jiha kafin ku sa wa mutum rai. Na soma neman lasisin can, amma gidan ya riga ya tafi. Jiya na wuce ta ƙasan tagarta, na ga ta ƙara gwangwani ɗaya.