Man Gyaɗar Kaka da Robar da Ba Ta Fito Ba

Jiya na zuba garin sabulu a miya a zaton gishiri ne, sai marigayiya Kaka ta faɗo mini a rai.

Ina yaro, malamin kimiyyarmu ya taɓa cewa da mai da ruwa da sabulu ake fara haɗa roba mai ƙofofi kamar soso. Na saci man gyaɗarta na garin Pitowa, mai ƙamshin da ke tsallake kogin Binuwai, na haɗa da ruwa da sabulu na girgiza a kwalba.

Sai ga Kaka, ta karɓi kwalbar ta shinshina. Ita har baƙo shinshinawa take.

"Maigida, wa za ka yi wa asiri?"

"Kimiyya ce, Kaka!"

"Kimiyyar ce ke shiga ɗakina da sanɗa?"

Allah Ya sanyaya makwancinta. Roba dai ba ta fito ba, kuma har ta rasu ko ruwa na miƙa mata sai ta shinshina.